Faifan Surukina da Bakin da Na Kasa Buɗewa

Edita, ina gaishe ka da sauran masu karatu. A ƙarshen shekarun tamanin, ba a daɗe da ba mu jihar Katsina ba, ni amarya ce ɗanya shakaf, ina aikin buga tafireta a wani ofishin inganta irin shuka a Funtuwa. Mijina malamin makaranta ne, iyayensa kuma suna wani ƙauye kusa da Malumfashi. Baki gare ni a lokacin, wannan kowa ya shaida. Direbobin ofis idan sun tsokane ni sai sun gwammace kiɗa da karatu, manoman da ke zuwa karɓar iri kuwa har suna cewa a haɗa su da kowa ban da yarinyar nan. Mutum ɗaya ne a duniya wanda idan ya shigo wuri nake zama kurma, wato mahaifin mijina. Ba na kiran sunansa, ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci inda zai gan ni. Haka na ga uwata tana yi wa nata surukin, kuma har ga Allah ina alfahari da cewa bokon da na yi bai raba ni da wannan tarbiyya ba.

A ofishinmu akwai kwamfuta guda ɗaya tak, wadda wani Bature da ya yi aiki da mu ya bari. Ni ya koya wa sarrafa ta saboda saurin hannuna. Ɗakinta daban, da na'urar sanyi, sai an tuɓe takalmi ake shiga. Yaran yanzu ba su san irinta ba. Ana saka mata wani baƙin faifai mai kusurwa huɗu, mai laushi, faɗinsa bai wuce tafin hannun babban mutum ba, a cikinsa ake ajiye rubutu a ɗauka a tafi da shi. Ita ma tana da nata ma'ajin a ciki, wanda muke kira rumbu. Kafin Baturen ya tafi ya saka mata wani abu da ya ce mai gadi ne, wanda duk lokacin da aka kunna ta zai duba ko wani baƙon abu ya shiga, in ya gani ya yi ƙara. Ban taɓa jin ya yi ƙarar ba, don haka ban taɓa sanin amfaninsa ba.

Surukina, wanda zan kira Baba kamar yadda 'ya'yansa ke kiransa, tsohon malamin firamare ne na mishan, kuma dattijo a majami'armu. Tun da ya ajiye aiki ya sa wani abu a gaba, ya ce sai ya rubuta tarihin ƙauyensu da yadda kakanni suke noma. Shekara da shekaru yana hawa keke yana bin unguwanni da tungayen Bakori da Musawa, yana zama da tsofaffi yana rubuta abin da suka faɗa masa: wanda ya fara saran daji, sunayen dawa iri-iri waɗanda kaura da farafara suka kore, waƙoƙin gayya, da yadda ake sallamar gona bayan girbi. Da yawa daga cikin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya tun kafin in shigo gidan. Shugaban ofishinmu, wani Alhaji mai kirki, ɗalibinsa ne a firamare. Da ya ji labarin aikin sai ya ce ai Malam ba zai ƙarasa ganinsa a kan fitila ba, ya riƙa zuwa ranar kasuwa yana bugawa a kwamfutarmu, tunda aiki ba ya yawa a ranar. Baba ya iya tafireta tun zamanin mishan, kuma wata Baturiyar asibiti ta taɓa nuna masa yadda ake kunna tata na'urar. Alhaji ya ba shi faifai guda, shi kuma ya riƙe shi kamar ƙwai.

Duk babin da ya gama bugawa, sai ya miƙa wa Mama, matarsa, takardun da ya rubuta da hannu, ita kuma ta ƙulla wa masu sayen ƙosanta a ciki. Yakan ce an gaya masa abin da ya shiga faifai gara ba ta cinsa, ruwa ba ya jiƙa shi, to me zai yi da tarin takarda ɓeraye suna damunsa. Haka tarihin ƙauyen ya riƙa fita daga gidan da mai a jikinsa, ya rage sai wanda ke cikin baƙin faifan nan. Na san da haka sarai, domin ni ma na ci ƙosai a cikin babin farko.

Duk ranar da Baba ya zo, ina jin tarinsa a bakin ƙofa zan kashe na'urar, in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, in sulale in koma ɗakin tafireta. Ba na dawowa sai na ga ya ɗauki hularsa ya nufi tasha. Fiye da shekara muna haka lafiya lau.

Sai aka ce daga sama an ba da umarni a sabunta tsarin da ke tafiyar da kwamfutocin ofisoshi, abin da jikokina ke kira babbar manhaja. Aka turo wani injiniya daga Kaduna, mutum mai fara'a da son shayi. Ya kwashe ayyukanmu, ya goge rumbun tas, ya zuba sabon tsari, ya mayar da ayyukan. Da na tambaye shi mai gadin fa, sai ya ce tsohon ba ya jituwa da sabon tsari, zai kawo wani idan ya samu. Ban ƙara bi ta kai ba, saboda na'urar ta ƙara sauri, ni kuma abin da ya dame ni ke nan. A daidai wannan lokacin ne Baba ya kai faifansa wata maɗaba'a a Zariya don jin yadda ake buga littafi, suka saka shi a tasu na'urar suka duba tsawonsa. Har yau ina kyautata zaton a can ya kwaso abin da ya kwaso.

Ba a jima ba na'urar ta fara wasu halaye. Ina cikin buga sakamakon gwajin masara sai in ga wani ɗan ɗigo ya fito yana yawo a kan gilashin, ya bugi wannan gefe ya koma wancan. Sai nauyi, sai ta riƙa nishi kafin ta buɗe abu. Wata safiya na nemi rahoton gonar gwaji ta Bakori na rasa, kamar ba a taɓa buga shi ba. Masinjanmu ya ce iskoki ne, Alhaji ya ce a bar maganar iskoki a kira injiniya. Da ya zo ya duba sai ya yi dariya, ya ce ƙwayar cuta ce irin ta na'ura, a faifai take bi, kamar yadda ƙwaro ke bin buhu ya shiga rumbun hatsi. Ya ce tana shiga ne idan aka kunna na'ura alhali faifai mai ɗauke da ita yana ciki, kuma da tsohon mai gadin yana nan da ya kama ta a ƙofa. Ya sake goge komai, ya zuba tsarin daga nasa faifan mai tsabta. Ya bi faya-fayan ofis ɗaya bayan ɗaya ya wanke waɗanda suka kamu, ya nuna mini ɗan salatif ɗin da ake liƙawa a gefen faifai don kada a iya rubuta komai a kansa, ya bar mini kwafin tsarin da salatif ɗinsa a liƙe. Kafin ya tafi ya tambaye ni ko akwai wani faifan waje da ke shiga na'urar. Na ce babu. Ba ƙarya na yi niyya ba a ranar, ko kaɗan Baba bai zo mini a rai ba, don a wurina dattijo irinsa ba ya shiga lissafin masu kawo ɓarna.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce, washegari ɗigon ya dawo. Aka sake kiran injiniya, ya sake wankewa, wannan karon ba dariya. Ya ce an kashe maciji ba a sare kai ba, akwai faifan da ke maido da cutar. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla cewa a samo faifan a kawo masa, wanke shi ba zai ɗauke shi lokacin shan shayi ba kuma rubutun ciki ba zai taɓu ba, amma idan aka bar shi, wata rana cutar za ta cinye wurin da faifan ke ajiye sunayen abin da ke cikinsa, daga nan sai dai haƙuri. Ya koya mini yadda zan goge rumbun in zuba tsarin da kaina, don ya gaji da hanyar Funtuwa.

Mako na gaba da Baba ya zo, na kawo masa ruwa zan ajiye a bakin taga, sai idona ya faɗa ciki. Na ga ya ciro faifansa, ya hure shi, ya tura a cikin na'urar, ya rufe, sannan ya kai hannu ya kunna. Haka Baturiyar asibiti ta koya masa, domin tata na'urar ba ta da rumbu, dole sai da faifai take tashi. A wannan minti na san komai, na san daga ina cutar take, na san maganinta, na kuma san abin da zai sami littafinsa idan aka yi shiru. Tsakanina da shi taga ce kawai. Na ajiye ruwan na juya.

Masu karatu na yanzu za su ce wace irin wauta ce wannan. Ba zan musa ba, amma ku sa kanku a matsayina. Yarinya da aka kawo gidan jiya ta buɗe baki ta ce wa surukinta, dattijon majami'a, malamin shugabanta, wai kayansa ne ke ɗauke da cuta, kuma bai iya kunna na'ura ba? Ina tunanin kalmomin ma sai in ji kunya ta rufe ni. Alhaji kuwa na san da na gaya masa, shi ma kunyar malaminsa za ta sa ya rasa ta cewa, ko ya nemi dabarar hana shi zuwa, a ce daga shigowata na raba Baba da aikinsa. Sai na bi hanyar da muka saba, wato aike. Na gaya wa mijina komai filla-filla. Ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce shi ma fa bai saba doguwar magana da Baba ba, amma zai gaya wa yayarsa. Yayar ta ce cuta kalma ce mai nauyi, ta gaya wa Mama cewa wai a ofis an ce faifan Baba yana son a ɗan duba shi. Mama ta ga ba za ta ɗaga wa mijinta hankali ba, ta ce masa amaryarsu ta ce ya riƙa kula da faifan nan da kyau. Kowa ya rage wa maganar zafi don girmama na gaba da shi, har ta isa babu komai a cikinta. Ranar kasuwar da ta biyo baya Baba ya zo da faifan a cikin sabuwar jakar fata da ya sa baduku ya ɗinka masa, ya kuma aiko mini da godiya da ƙwaryar gyaɗa.

Daga nan na shiga aikin baban giwa. Duk washegarin kasuwa sai in rufe ɗaki, in kwashe ayyukan ofis, in goge rumbun, in zuba tsarin, in mayar da komai, ba tare da kowa ya sani ba. Na'ura ta yi lafiya, Alhaji yana yabon injiniya, ni kuma ina ganin na yi dabara, na kare ofis na kuma kare mutuncin surukina. Idan maganar injiniyan ta faɗo mini a rai sai in ce bari dai a gama rabon iri, zan sami mai gaya masa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, na san karin maganar tun ina ƙarama, amma ban ga kaina a cikinta ba.

Wata safiya, gab da faɗuwar ruwan farko, ana jiran in fitar da takardun rabon iri kafin azahar, na zo zan goge rumbun kamar kullum sai na ga wani abu da ba namu ba, ɗauke da sunan ƙauyen su Baba. Ashe Alhaji ya ba shi shawara ya ajiye kwafin littafin a cikin na'urar saboda tsaro, jiya kuma ya yi hakan. Na tsaya ina kallon sunan. Ba ni da faifan da ba komai a kansa, sababbin duk suna cikin kabad ɗin Alhaji, shi kuma ya tafi Katsina da makulli. Da na so, da na matsa shi cikin faifan ofis, ko na jira gobe. Amma ina tsoron kada cutar ta biyo shi, ga manoma sun fara taruwa a waje, sannan taɓa rubutun Baba a wurina kamar saka hannu a aljihun rigarsa ne. Na ce wa kaina ai nasa yana cikin jakar fata. Na danna, na goge.

Da ya dawo ranar kasuwa na gaishe shi na fita yadda na saba. Ban kai ga zama ba na ji muryarsa yana kira, ɗiyata, ɗiyata. Tun da aka kawo ni gidansu bai taɓa kirana kai tsaye ba. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce in matso in duba masa, faifan ya ƙi buɗewa. Na duba. Inda sunayen babi-babi suke a da, sai wasu alamomi barkatai marasa ma'ana. Ya yi murmushi don ya kwantar mini da hankali, ya ce kada in damu, Allah ya sa Alhaji ya yi masa dabara, akwai wani a cikin rumbun, in buɗo masa shi kawai.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A durƙushe, kaina a ƙasa, na faɗa masa komai, tun daga ranar taga har zuwa safiyar da na goge. Maganar da na kasa yi a cikin numfashi ɗaya lokacin da take da amfani, ranar na yi ta da tsawo. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun kafin a fara sharar gona. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, “Ɗiyata, in da kunama kika gani bisa wuyan rigata, aike za ki yi wurin uwarku ta hwaɗa mani?” Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan. Ya ce in tashi, ya yafe, laifin ma har da nasu da suka koya mana jin nauyinsu ba su koya mana inda yake tsayawa ba.

Injiniya ya tafi da faifan Kaduna, ya yi iya ƙoƙarinsa, ya dawo da guntaye. Rabin babi a kan dawa, wasu waƙoƙi da ba kai ba gindi, da wani shafi da ya fara daga tsakiyar magana. Kallon da ya yi mini kaɗai ya isa. Ya kawo sabon mai gadin a wannan zuwan, ya saka, daga nan cutar ba ta ƙara shiga ba.

Baba bai karaya nan take ba. Ya ce tunda idonsa ya yi rauni, ni zan riƙa bugawa yana faɗa. Haka muka koma zama ɗaki ɗaya, kujera kusa da kujera, har ya riƙa tsokanata yana cewa ashe bakin da direbobi ke ba da labari gaskiya ne. Na saba da shi fiye da yadda na saba da mahaifina, kuma sama ba ta faɗo ba, babu wanda ya ce na rasa tarbiyya. Abin da ke karya mini zuciya shi ne idan ya ɗauko labari tiryan-tiryan, sai ya tsaya cak, ya ce wata tsohuwa ce a wata tunga ta gaya masa sauran, ga fuskarta yana gani, amma maganar ta gudu. Wani lokaci ya hau mota ya je neman wanda zai tuna masa, ya tarar an yi makoki tun bara. Abin da muka tattara bai kai rabin na farko ba. Ya rasu littafin bai fito ba.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Ban ce a daina jin kunyar surukai ba, ni ma yau suruka ce kuma ina jin daɗi idan aka girmama ni. Amma na gane cewa a watannin nan kunyar da nake ji kaina take karewa. Ina gudun kada a ce amarya ta yi rashin kunya, shi kuwa wanda nake cewa ina girmamawa na bar shi yana tafiya da wuta a jaka. Matan 'ya'yana tun ranar da aka kawo su nake zaunar da su in ce duk abin da suka ga zai cuce ni su faɗa mini a fuska, kada su aiko kowa.

Ku kuma masu taɓa na'ura, ko babba ko ta aljihu, idan aka sabunta muku ita ko aka wanke, ku tambaya ko abin da ke tsaronta ya koma, kada saurinta ya ruɗe ku. Idan ciwo yana dawowa bayan an yi magani, ku nemi inda yake shigowa, ko da ta hannun wanda kuke jin nauyi ne. Kada ku goge abin wani don kuna zaton yana da wani a ajiye, ku tambaye shi tukuna. Wanda kuma ya ga ɓarna tana tunkarar babba, ya durƙusa idan durƙuson ne, ya sunkuyar da kai, amma ya buɗe baki da kansa. Baba ya yafe mini tun kafin in miƙe daga durƙusona. Tsofaffin da suka ba shi amanar maganarsu kuwa, har yau ban san inda zan je in roƙe su gafara ba.